Dashen Rotala da Tambayar Ainihin Abu Mai Rai

Rotala rotundifolia tsiro ne na ruwa mai siririn kara, kuma a rabe-raben masana tsirrai danginsa ɗaya da lalle da rumman. Asalinsa kudanci da gabashin Asiya ne, daga Indiya har Japan, inda yake fitowa a fadamu da gefen gonakin shinkafa. Masu shirya lambu a cikin akwatin gilashin kifi suna sonsa saboda launinsa: a ƙarancin haske kore ne, idan haske ya yi ƙarfi sai kawunansa su juya ruwan hoda ko ja. Yana cikin tsirran da suka ƙara yin suna ta hannun Takashi Amano (1954–2015), mai ɗaukar hoto ɗan Japan da ya ɗaukaka wannan sana'a. Rainonsa ya ta'allaƙa ne ga aiki guda da ake ta maimaitawa, wato yankewa da sake dasawa. Wannan aikin kuwa yana tono wata tsohuwar tambaya ta falsafa da ilimin tauhidi: tsiron da aka yanke, aka zubar da gindinsa, ya yi sabuwar saiwa da sabon ganye, shi ne na da ko wani ne?

Yadda ake dashen

Dashen farko yana zuwa ne idan aka sayo tsiron. Masu rainonsa na kasuwa sukan tayar da shi a ƙananan tukwanen roba masu huji, gindinsa a naɗe cikin audugar dutse, kansa a waje da ruwa. A wannan hali ganyensa zagayayye ne mai kauri, kuma daga nan ya samo sunansa na Latin, wanda ke nufin mai zagayayyen ganye. Ana zare shi daga tukunyar, a ɓare audugar, a wanke, a rarraba karan ɗai-ɗai. Sai a rage doguwar saiwa da almakashi, a tsige ganyen ƙasa na kimanin santimita 2 zuwa 3, a kama karan da hantsaki a cusa shi cikin ƙasar akwatin, ana barin 'yar tazara don haske ya ratsa. Cikin 'yan makonni tsofaffin ganye sukan ruɓe su zube, sabbi su fito sirara masu tsini, irin waɗanda suka dace da zaman ƙarƙashin ruwa. Wanda bai sani ba sai ya rantse an musanya tsiron.

Dashe na biyu shi ne wanda ba ya ƙarewa. Idan karan ya kai saman ruwa, ganyen sama yakan yi wa na ƙasa inuwa, na ƙasan ya kakkaɓe, gindin ya zama tsirara. A nan sai a yanke kawunan da tsawon santimita 8 zuwa 10, a tumɓuke tsohon gindin, a dasa kawunan a gurbinsa, sabuwar saiwa ta fito daga gaɓoɓin da aka binne. Idan kuma aka bar gindin a wurinsa, yakan yi toho biyu ko fiye daga gaɓoɓin da ke ƙasa da yankan, domin kan tsiro ne ke fitar da sinadarin oksin mai danne idanun gefe, kuma da zarar an cire kan sai su farka. Bayan shekara guda ana dasa kawuna ana zubar da gindi, babu saiwa ko ganye ko gaɓa ɗaya da ta rage daga abin da aka sayo.

Manomi a ƙasar Hausa ya san wannan hanya. Rogo da rake da dankali duk da yanki ake dasa su, kuma rogon bana guntun karan rogon bara ne.

Jirgin Tisiyas

Marubucin nan na Girka, Fulutak, ya ba da labarin jirgin ruwan jarumi Tisiyas da mutanen Atina suka adana shekaru aru-aru, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana falsafa suka rabu biyu a kan ko jirgin na nan ko ya tafi. A 1655 Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa lamarin sarƙaƙiya: idan wani ya tattara tsofaffin katakan ya harhaɗa jirgi da su, wanne ne na asali? Rotala yana kawo tambayoyin biyu a zahiri. Maimaita dashe shi ne musanyar katako, yankewa a bar gindi kuma shi ne jirgi biyu. Gindin yana riƙe da tsohuwar saiwa da tsohon wuri, kan yana riƙe da tsinin da ke girma da launin da aka sayi tsiron dominsa. Kowanne na da hujjar cewa shi ne na jiya.

Akwai bambanci ɗaya babba. Kafinta ne ke sa wa jirgi sabon katako daga waje, tsiro kuwa shi ke gina kansa daga ciki, da haske da iskar kabon da gishirin ma'adinai da ya sha. Mai dashe yankewa kawai yake yi da binnewa.

Amsar masu kallon rai

Aristotal (384–322 kafin haihuwar Annabi Isa) ya lura a littafinsa kan rai cewa wasu tsirrai sukan ci gaba da rayuwa bayan an raba su. Ya fassara wannan da cewa ran tsiro ɗaya ne a aikace, amma yana ɗauke da ikon zama da yawa. Ibn Sina (980–1037) ya bi wannan turba a Kitabush Shifa, inda ya ce ran tsiro yana da ƙarfi uku: ciyar da kai, girma, da haifar da irinsa. A yankakken kan Rotala ukun suna aiki tare, har ba a iya shata iyaka tsakanin girma da haihuwa, domin abin da ya kasance reshe da safe ya zama tsiro mai cin gashin kansa da yamma.

John Locke, a bugu na biyu na littafinsa kan fahimtar ɗan Adam (1694), ya bambanta tarin ƙwayoyi da abu mai rai. Tarin ƙwayoyi yakan zama wani abu dabam idan aka ɗebe ko aka ƙara, amma itace yana nan a matsayinsa tun yana ɗan tsiro har ya zama babbar bishiya, ko an sassare shi, muddin rayuwa ɗaya ce ke gudana a cikinsa ba yankewa. Wannan ta warware tambayar farko: Rotalan da aka dasa sau goma shi ne na farko, tunda ba a taɓa samun lokacin da rayuwar ta tsaya ba. Ta biyun kuwa tana nan, domin kai da gindi duka sun gaji rayuwar ba yankewa, ga su kuma biyu.

Masana tsirrai sun bi ta wata hanya, suka yi ƙirga iri biyu. Akwai ƙirgan abin da ya fito daga ƙwayar iri guda, komai yawan rabuwarsa, akwai kuma ƙirgan kowane kara mai saiwarsa. A jihar Yuta ta Amurka akwai kurmin da ake kira Pando, mai faɗin kusan hekta 43 da itatuwa sama da 40,000, waɗanda duk toho ne na saiwa mai asali guda. A ƙirgan farko itace ɗaya ne, a na biyu dubbai ne. Wato a duniyar tsirrai kalmar "ɗaya" tana bin abin da mai ƙirga ke nema.

Mahangar malaman tauhidi

Malaman Ash'ariyya, mabiya Abul Hasan al-Ash'ari wanda ya rasu a ƙarni na 4 na Hijira, sun ɗauki halitta a matsayin jauharai, wato ƙwayoyin asali, da siffofi masu bijiro musu, irin launi da motsi da rai. A wurin da yawansu siffa mai bijirowa ba ta wanzuwa lokaci biyu, Allah ne ke sabunta ta a kowane lokaci. A wannan mahanga dorewar tsiro, yankakke ko cikakke, ba daga kansa take ba. Fitar saiwa bayan dashe al'ada ce da Allah Ya gudanar, kuma jan ganyen yau sabuwar halitta ce, ko da ido na ganinsa kamar na jiya.

Tambayar ta fi nauyi a batun tashin alƙiyama. Alƙur'ani, a Suratul Hajji da Suratu Fussilat, ya kafa hujja da busasshiyar ƙasa da ke motsawa ta fitar da tsiro bayan saukar ruwa a kan ikon rayar da matattu. Masana falsafa sun yi tambaya ko jikin da za a tayar shi ne wanda ya ruɓe. Imam al-Gazali (1058–1111), a mas'ala ta ƙarshe ta Tahafutul Falasifa, ya amsa da cewa sassan jikin mutum suna ta sauyawa daga yarinta zuwa tsufa, ta ƙiba da rama da sauyin abinci, amma ba wanda ke shakkar shi ne dai mutumin, domin da ransa yake mutum. Saboda haka mayar da rai cikin jiki ya isa a kira shi tashi, ko da ƙwayoyin jikin sun sauya.

Iyakar misalin

Dashen Rotala yana tabbatar da rabin wannan magana a gaban ido: abu mai rai yana iya rabuwa da duk kayan jikinsa ya ci gaba da zama shi. Sauran rabin kuwa misalin bai kai can ba. Ran tsiro yana rabuwa, kuma ba a tambayar kai ko gindi abin da karan ya aikata kafin almakashi ya sauka. Mutum mai hisabi ne, hisabi kuwa ba ya tsayuwa sai da wanda ya aikata, ya tuna, ya kuma amsa da kansa. Shi ya sa Locke ya ware ainihin mutum mai alhaki daga ainihin itace ya danganta shi ga sanin kai, malaman Musulunci kuma suka danganta shi ga ruhin da ba a yanka shi a dasa. A tsiro, amsar ita ce rayuwa ɗaya ce a jikuna da yawa, kuma ƙirgan ya rage ga mai ƙirga. A mutum, jiki na sauyawa amma mai amsa tambaya guda ne.