Sanyi Ba Ya Renon Yaro

Karatu: Luka 2:41-52

Sau da dama mukan ji manya suna cewa wahala ce ke koya wa yaro hankali. Akwai gaskiya a ciki. Amma bari mu tambayi kanmu yau: wace irin wahala, kuma yaron yana da shekara nawa?

A shekara ta 1845 wani marubuci ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Andersen, ya wallafa gajeren labari game da wata yarinya mai tallar ashana. Daren ƙarshe na shekara ne, dusar ƙanƙara tana zuba, ƙafarta ba takalmi. Yini guda ba ta yi ciniki ba, tana kuwa tsoron komawa gida domin mahaifinta zai doke ta. Sai ta raɓe a jikin bango tana ƙyasta ashana ɗaya bayan ɗaya. Cikin hasken kowace ashana tana ganin abin da zuciyar yaro ke marmari: murhu mai ɗumi, abinci, itacen Kirsimeti, daga ƙarshe kakarta da ta rasu. Da gari ya waye aka tarar da gawarta.

Marubucin ya zaɓi lokacin sanyi da gangan. Farar ƙanƙarar tana kama da zuciyar yarinyar, wadda ba ta san mugunta ba. Sanyin kuwa hoton zuciyar mutanen da suka wuce ta ne. An ɗora mata nauyin ciyar da gida, duk da haka ba ta zama babba ba. Har numfashinta na ƙarshe, kaka take nema.

Ƙaunataccen mai sauraro, wannan labari bai tsaya a Turai ba. Ka dubi Tamanrasset a kudancin Aljeriya, garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,400 cikin duwatsun Hoggar. Da yawa suna zaton hamada zafi ce kaɗai, amma daren Disamba da Janairu a can yana ratsa ƙashi. A unguwar Gataa El Oued baƙi daga Nijar da Mali sukan sauka, ana kuma jin Hausa a cikinta. Cikin masu bin wannan hanya akwai mata da ƙananan yara daga Kance a jihar Damagaram, waɗanda ake kaiwa bara a biranen Aljeriya. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamada arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Guda 52 yara ne. Daga Disamba 2014 aka soma mayar da dubban irinsu gida a jerin motoci ta Tamanrasset zuwa Agadez.

Yaron da ya tsira daga wannan tafiya yakan dawo da wayo. Ya iya lissafin kuɗi, ya iya karanta fuskar baƙo, ya iya ɓoye hawaye. Sai mu ce ya girma. Manomi dai ya san bambancin ɗan itacen da ya nuna a kan lokacinsa da nunar rana: launi ɗaya, ɗanɗano dabam. Dole ne rashin sanin ƙuruciya ya wuce wata rana. Abin da bai kamata ya mutu ba shi ne yarda da cewa akwai wanda yake ƙaunarsa ba don abin da ya kawo gida ba.

Karatunmu na yau ya nuna mana Yesu yana shekara 12, yana tattaunawa da malamai a Haikali. Bayan haka ya koma Nazarat ƙarƙashin kulawar Yusufu da Maryamu, ya ci gaba da girma a hankali. In har shi ya zauna a inuwar iyaye, ina ga 'ya'yanmu?

Talauci gaskiya ne, ba ma raina hawayen uwar da rumbunta ya ƙare. Saboda haka nauyin yana kan dukanmu. Kafin a miƙa yaro ga mai alkawarin kai shi Aljeriya ko aikatau a birni, bari dangi, maƙwabta da ikilisiya su fara tambaya: mudu nawa zai riƙe shi a gida?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka buɗe idanunmu mu ga yaron da ke kwana cikin sanyi, ka ba mu zuciyar da ba za ta wuce shi ba. Amin.