HAYAR GIDA A ZARIYA: ABIN DA MAI GIDA DA ƊAN HAYA KE BIN JUNA

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Duk lokacin da jami'a ta buɗe sabon zangon karatu, tambayoyin da ke shigo min a kan haya sukan fi na aure da gado yawa. Daga Samaru suke zuwa, da Jama'a, da Hayin Dogo, da Palladan, wasu daga Sabon Gari, wasu ma daga cikin birni. Wannan ya ce mai gida ya ƙara masa kuɗi shekara ba ta cika ba, wancan ya ce ɗan haya ya cinye masa wata bakwai ya kashe waya. Shi ya sa na ga gara in haɗa amsar wuri ɗaya.

Mu fara da sanin cewa haya baƙuwa ce a garin nan. A cikin ganuwar Zazzau, a da, ɗalibi zai taso daga nesa ya sauka a Kona ko Juma don neman ilimi, a ba shi shago kusa da zaure ya yi shekaru ba a karɓi ko kwabo a hannunsa ba. Hidimar malami da ɗibar ruwa su ne biyansa. Fatake kuma suna da fatomansu. Sai jirgin ƙasa ya iso wajejen 1911, Turawa suka yanka Sabon Gari don ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu, Tudun Wada kuma ta zama masaukin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba Zagezagi ba. Samaru ta tashi da tashar binciken noma tun shekarun 1920, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962 ta cika ta da mutane. Ƙara da asibitin koyarwa na Shika, da makarantar jirgin sama, da Kongo, da barikin soja. Ga kuma masu aiki a Kaduna da suka ga hayar can ta fi ƙarfinsu, suka ajiye iyali a nan suna zuwa ƙarshen mako, tunda tafiyar ba ta wuce kilomita 80 ko makamancin haka ba. Haya ta fara a wajen ganuwa, yau ga ta har lungunan Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana.

Matsalar ita ce, kuɗin da muke karɓa na kasuwa ne, amma ɗabi'ar da muke ƙulla hayar da ita ta zamanin aron shago ce. Kunya ta hana a rubuta, ta hana a faɗi ranar fita, ta hana a tambayi wa zai yashe masai idan ya cika. Ranar da aka ɓata kuwa babu sauran kunya, sai ofishin 'yan sanda.

A fiƙihu haya ita ce Ijara, Malikawa kuma sukan kira ta gidaje da dabbobi da suna Kira'. Ciniki ne, sai dai abin da ake sayarwa amfanin gidan ne na wani lokaci, gidan kansa yana nan a hannun mai shi. Tunda ciniki ne, dole a san abin da aka ba da haya, a san kuɗin, a san lokacin. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarci muminai da cika ƙulle-ƙullen da suka ƙulla, aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuwa, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. To, mutumin da ya ce maka "haba Malam, tsakaninmu har sai an rubuta?" ka ce masa eh, don tsakaninmu ɗin ya ɗore.

Akwai wani bambanci da malamanmu suka yi wanda zai kashe rabin rigimar da ake kawo mana. Haya iri biyu ce. Akwai wadda aka yanke mata lokaci, kamar a ce daga Muharram zuwa Muharram, ko shekara ɗaya daga yau. Wannan suna ce mata Wajiba, kuma ta lizimci kowa. Mai gida ba shi da ikon ƙara ko naira ɗaya kafin lokacin ya cika, ko da siminti ya ninka kuɗinsa sau uku, ɗan haya ma ba zai tashi a wata na huɗu ya ce a maido masa da na takwas ba, sai in mai gidan ya yarda. Akwai kuma wadda aka ce "kowane wata kaza" ba a faɗi ƙarshe ba, ita ce Mushahara. Wannan kowane ɓangare yana iya janyewa, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya, shi kam ya zauna. Mafi yawan hayar Samaru ta shekara ce da ake biya gaba ɗaya, ke nan Wajiba ce. Idan shekarar ta cika mai gida yana da damar sa sabon farashi, amma ya sanar da wuri. Wanda ya bari sai saura kwana uku sannan ya aiko yaro da sabon kuɗi, ya san abin da yake yi: so yake ya kama mutum a inda ba shi da wurin zuwa.

Tambayar yajin aiki ma har yau tana dawowa. A 2022 malaman jami'o'i sun yi wata takwas suna yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibai sun biya haya, sun kulle ɗakuna da kayansu a ciki, sun tafi gida. Da suka dawo aka ce shekara ta ƙare. Sun ji zafi, kuma ina ganin dalilin zafin. Amma hukuncin shi ne, kuɗin haya yana wajaba da zarar an miƙa maka mabuɗi an bar maka ɗaki, ko ka kwana a ciki ko ba ka kwana ba. Mai gida bai hana ka zama ba, kuma bai iya ba wa wani ba tunda katifarka tana ciki. Wannan shi ne haƙƙi. Sai dai na san masu gidaje a unguwarmu da suka yafe wata biyu, wasu uku, ba wanda ya tilasta musu. Allah ya saka musu da alheri, ya sa su gani a mizaninsu.

Yanzu maganar gyara, wadda ita ce ta fi damuna, domin a nan rai ake magana. Gidajen cikin birni da tsofaffin layukan Sabon Gari da yawansu sun girmi iyayenmu. Ginin ƙasa yana da sanyi da kwarjini, amma yana son yaɓe duk shekara, yana son a duba indararo kafin damina, a duba azara ko gara ta shige ta. Da masu gidan suna ciki suna yi. Yanzu sun koma sababbin unguwanni, sun zuba 'yan haya, ba sa leƙowa sai karɓar kuɗi. Dukkanmu mun ga abin da ya faru a Agustan 2023, da wani sashe na babban Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne tun shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim, ginin da masana gine-gine ke zuwa kallo daga ƙasashen waje. In irin wannan zai iya gajiya, ina ga soron da aka yi shekara goma ba a taɓa shi ba?

Me littattafai suka ce? Asali gyaran abin da ya shafi jikin gini, rufi da katanga da makamantansu, na mai gida ne. Mashhurin zance a mazhabarmu, wanda Khalil ya tafi a kai, shi ne ba a tilasta wa mai gida ya gyara, amma idan lalacewar tana cutarwa ɗan haya yana da zaɓi: ya zauna a haka, ko ya warware hayar ya karɓi ragowar kuɗinsa. Wasu malaman mazhabar sun ce a tilasta masa. Risala kuma ta bayyana cewa gidan da ya rushe kafin lokaci ya cika, hayar ta warware a abin da ya rage. Kada wani mai gida ya karanta wannan ya ce "ka ji, Malam ya ce ba dole." Rashin tilastawar alƙali daban, alhaki daban. Wanda ya san katangarsa ta tsage, ya shafe ta da fenti ya ba wa mai yara biyar, ya ɓoye aibi, kuma ɓoye aibi a ciniki algus ne. In ta faɗa wa yaro, wallahi akwai tambaya a gaban Allah. Ɗan haya kuma in zai gyara da kuɗinsa don a cire a haya, ya nemi izini tukuna, a rubuta nawa ne. Kada ya gama aiki sannan ya kawo lissafi.

Wani abin da ke ɓoye a tsofaffin unguwanni shi ne gidan gado. Mahaifi ya rasu shekara ashirin, ba a raba ba, babban wa ya zuba haya yana karɓa shi kaɗai, ƙannensa mata suna gidajen aure ba sa ganin ko sisi, wani lokaci har da marayu a ciki. Kuɗin nan na dukkan magada ne gwargwadon rabon kowa, kuma Suratun Nisa'i ta kamanta cin dukiyar maraya da cusa wuta a ciki. Kai mai neman haya, ka tambaya: gidan na waye, wa ya wakilta wannan da ke karɓar kuɗina? Ba rashin kunya ba ne. Mutane nawa suka biya shekara, bayan wata biyu kotu ta zo raba gida?

Dillali fa? La'adarsa halal ce. Imamul Bukhari ya kawo a Sahihinsa cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinta ba. Sharaɗin shi ne a san nawa ce kuma wa zai biya. Abin da ba halal ba shi ne mai gida ya ce dubu ɗari biyu, dillali ya ce wa ɗalibi ɗari biyu da hamsin ya soke hamsin a aljihu, sannan ya sake karɓar la'ada a kai. Ko ya karɓi kuɗin mutum biyu a kan ɗaki ɗaya. Kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna kuwa amana ne, ranar fita a cire abin da aka ɓata a maido da saura.

Kada 'yan haya su ɗauka yau ranarsu ce. Kai amintacce ne a kan gidan. Abin da ya tsufa da kansa ba ka biya, abin da ka ɓata da ganganci ko sakaci kai za ka biya. An ba ka ɗaki kai ɗaya ka tara mutum shida, rijiya da banɗaki suka kasa ɗauka, ka ƙetare sharaɗi. Kana da kuɗi ka sayi sabuwar waya, tsohuwar da hayar ɗakin nan ce abincinta tana aiko maka jika kana cewa "gobe": Annabi (SAW) ya kira jinkirin mai hali zalunci, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Da yawan masu gidajen Samaru 'yan fansho ne da gwauraye, ba attajirai ba. Haka satar wuta ta bayan mita, ko zamewa idan an zo karon kuɗin wuta a gidan yawa, duk cin haƙƙi ne ko da kana sahun farko a masallaci.

Sannan in ka shiga tsohuwar unguwa, ka sani ka tarar da mutane da tsarinsu. Ka je ka gaida mai unguwa, ka san limamin layin, ka yi sallama a majalisar dattawa in za ka wuce. 'Yan uwana ɗalibai, janareta da kiɗa har ƙarfe biyun dare a lungun da katangar kowa ta jingina da ta kowa, cutar da maƙwabci ne. Aya ta 36 a Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da na nesa, ba ta ware mai gidan kansa daga ɗan haya ba, ba ta kuma ware Musulmi daga wanda ba Musulmi ba. A Sabon Gari da Samaru ƙofarka tana kallon ta Kirista, Bayarabe ko Ibo ko mutumin Kudancin Kaduna. Abdullahi ɗan Amr, in an yanka akuya a gidansa, yakan tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Su ma 'yan unguwa su daina kallon ɗan haya kamar wanda ba shi da asali, ana rabon abin unguwa a tsallake ƙofarsa, amma in an yi sata shi ne farkon zargi.

Mai gida, da ka karɓi kuɗi, ɗakin ya zama gidan wani har lokaci ya cika. Ayoyin neman izini na Suratun Nur sun hau kanka kamar kowa. Ba ka da damar faɗawa tsakar gida matar mutum tana aiki ka ce ai gidanka ne. In kuma ɗan haya ya gaza biya, ka duba: mai taurin kai ne ko mai ƙunci? Mai ƙunci, aya ta 280 a Baƙara ta ce a saurara masa har ya samu. Ban ce ka bar masa gidan har abada ba, kana da haƙƙin karɓar abinka. Amma hanyar ita ce sanarwa, sai dattawan unguwa, sai kotu. Cire kwano a tsakiyar damina, ko ɓalle ƙofa, ko watso kayan mace a titi mijinta ba ya gari, babu malamin da zai ba ka fatawarsa.

Na ƙarshe, wanda ake yawan jahilta. Mutuwar ɗan haya ba ta warware haya. Magadansa suna da sauran lokacin da aka ƙulla. Matarsa kuma tana da haƙƙin yin takabarta, wata huɗu da kwana goma, a ɗakin da ya bar ta, matuƙar ya riga ya biya kuɗin, haka Risala ta kawo a babin idda. In lokacin ya ƙare tana cikin takaba, a karɓi kuɗin da aka saba biya a irin ɗakin a bar ta ta gama. An kawo min labarin wadda aka aika wa takardar tashi ranar sadakar bakwai, alhali saura wata biyar a kuɗin mijinta. Dangin mamaci ma su ji: ba su da ikon zuwa su karɓi ragowar kuɗin hayar a sa cikin gado a ce mata ta koma gidansu.

Wallahu a'alam.