Tuna Mutuwa da Labarin Imamu Gazali

Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa. Amma kun san halin yaro, in aka ambace ta a gabansa sai ya ɗauka zancen masu furfura ne. Waɗansu kuma, har da manya, sukan ce yawan tuna ta yana kashe zuciya, gama wanda ya san kushewa ce makomarsa, me zai sa ya yi shuka? Wannan magana tana da nauyi, ba a ture ta da baki kawai. Bari mu auna ta da labarin wani malami.

An haifi Abu Hamidu Gazali a Tus, cikin ƙasar Farisa, a shekarar 1058. A 1091 Waziri Nizamul Mulki ya ɗora shi bisa kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana da shekara 33 kacal. Almajirai wajen 300 ke zama gabansa. Da shekara ta kewayo aka soke wazirin nan da wuƙa a kan hanya, bayan kamar wata guda kuma Sarki Malik Shah ya bi shi. Ga inuwa biyu sun faɗi kusan lokaci ɗaya.

A 1095, kamar yadda ya ba da labari da kansa cikin littafinsa Munƙizu minal Dalali, sai ya zauna ya lissafa abin da ya rage masa na kwana, ya ga kaɗan ne. Daga nan ya dubi niyyarsa. Abin da ya tarar bai yi masa daɗi ba: ashe suna da girma yake nema da karatun nan. Wata shida yana ja-in-ja da zuciyarsa, da safe ya ƙudura barin Bagadaza, kafin maraice son duniya ya warware ƙudurin. Ƙarshe harshensa ya ɗaure, ya kasa furta ko kalma ɗaya gaban almajirai, abinci ma ya ƙi zama. Masu magani suka ce ciwon nan daga zuci yake. Ya rarraba dukiyarsa, ya ware abin da zai ishi iyali, ƙanensa Ahmadu ya hau kujerarsa, shi kuwa ya nufi Sham.

To, jama'a, ku lura da abin da tuna mutuwa ya yi masa. Bai hana shi aiki ba, tankaɗe masa aikin ya yi, kamar yadda mace ke sa rariya ta raba gari da tsaki. Muddin mutum yana zaton kwanansa ba iyaka, kowane abu daidai yake da ɗan'uwansa, don abin da bai yi yau ba ai gobe tana nan. Sai ya san guzurinsa ƙidayayye ne sa'an nan yake tambaya, wanne ya cancanci a ɓatar da yini a kansa? Cikin shekarun nan na keɓewa ne ya wallafa Ihya'u Ulumid Dini, littafi 40 a haɗe, na ƙarshensu kuwa kan tuna mutuwa. A ciki ya nuna ba kowane tunawa ke da amfani ba. Wanda duniya ta shagaltar, in ya tuna, baƙin cikin rabuwa da kayansa kaɗai yake ji. Watau masu cewa abin yana kashe zuciya ba su yi ƙarya ba, irin wannan mutum suka gani. Dabarar da Gazali ya bayar ita ce ka tuna tsararrakinka da suka riga ka, da kamanninsu, da shirye-shiryen da suka bari ba su ƙare ba.

Kada wani ɗan makaranta ya karanta wannan ya ce zai jefar da littattafansa ya shiga uwa duniya. A ganina barin Bagadaza ba shi ne abin koyi ba, tambayar da ya yi wa kansa ita ce. Mai neman takardar shaida don a ce da shi wane, da mai nemanta don ya warkar da marasa lafiya ko ya koyar da na baya, benci ɗaya suke zama, jarrabawa ɗaya suke ɗauka, malaminsu ma ba ya iya bambanta su.

Shi kansa Gazali ai ya komo. A 1106 ya sake zama gaban almajirai a Naisabur, ya ce da girma yake nema da ilmi, yanzu kuwa yana koyar da ilmin da ke sa a bar neman girma. Daga baya ya koma Tus yana karantarwa, a can ya rasu a 1111, yana da shekara 53.