Har Yaushe Baƙo Zai Zama Raɓa?

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Watau baƙo ya kan sauka da dare, in hantsi ya yi ya tafi, amma ɗan gari ya riga ya kafa saiwa. Wannan magana daidai ta ke a kan fatake da matafiya. Amma akwai wani irin baƙo wanda karin maganar nan bai san da shi ba, shi ne mutumin da yaƙi ya kora daga gidansa. Shi ma da niyyar kwana kaɗan ya zo. Ga shi shekara ta bi shekara, har yanzu ba hanyar komawa. Abin da mu ke so mu duba a wannan wata shi ne, mene ne haƙƙin irin wannan baƙo a kan mai masaukinsa, sa'ad da wa'adin da aka ba shi ya cika amma yaƙin bai ƙare ba?

Abin da ya tā da maganar ya faru ne a Turai. Ran 24 ga Fabrairu 2022 sojojin Rasha suka auka wa ƙasar Yukren, mata da yara da tsofaffi suka yi ta gudu zuwa Folan da Jamus da sauran ƙasashe. Ran 4 ga Maris na wannan shekara, ƙasashen Tarayyar Turai suka ɗauko wata doka da suka ajiye tun 2001, ba su taɓa aiki da ita ba. Bisa ga dokar, wanda ya gudo daga Yukren ya na da izinin zama, da na yin aiki, da na sa 'ya'yansa a makaranta, da na zuwa asibiti, ba sai ya jira an yi shari'ar maganarsa shi kaɗai ba. Mutum fiye da miliyan 4 suka shiga ƙarƙashin wannan inuwa. Amma izinin na shekara ɗaya ne. Da ya kusa cika aka ƙara zuwa 2024, aka kuma ƙara zuwa 2025, sa'an nan 2026, a cikin 2025 kuwa aka sake ƙarawa har zuwa Maris 2027. Yarinyar da ta fito da shekara 6, kafin wannan wa'adi ya cika za ta kai 11.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Ruwan da ya ke ratsa fadamunmu na Haɗeja da Guri da Kirikasamma, abin da ya ragu daga cikinsa ya kan gamu da na kogin Jama'are wajen Gashuwa, ya zama Kumadugu Yobe, ya wuce Gaidam da Damasak, ya raba Nijeriya da Nijar, har ya faɗa Tabkin Cadi kusa da Boso. Wannan kogi shi ne dubban 'yan ƙasarmu suka haye a Nuwamba 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka ci Damasak. Waɗansu a kwalekwale, waɗansu da iyo, waɗansu kuwa ruwa ya cinye su. Tun a Disamba 2013 gwamnatin Nijar ta riga ta ba mutanen Barno da Yobe da Adamawa izinin zaman gudun hijira na ɗan lokaci a ƙasarta, aka kuma buɗe sansanin Sayam Foraj a jihar Difa a ƙarshen 2014. Yaran da aka haifa a can a shekarun farko sun wuce shekara 10, ba su taɓa ganin gonar kakanninsu ba.

Mu mutanen bakin kogi mun san gudu. A 2018 da 2020 da 2022 ambaliya ta ci gidaje da gonakin shinkafa a ƙasar Haɗeja, mutane suka kwashe kaya suka sauka a makarantu da gidajen dangi a kan tudu. Amma ruwa ya na da lokacinsa. Mai masauki ya san in kaka ta yi ruwa zai janye, baƙonsa ya koma ya gyara bango ya shiga noman rani. Saboda haka haƙuri ya kan yi sauƙi, gama an san iyakarsa. Masu rubuta izinin ɗan lokaci su na ɗaukan yaƙi kamar ambaliya. Yaƙi kuwa ba shi da damina, ba shi da rani. Ba wanda ya isa ya duba kalanda ya faɗi ranar da zai janye.

To, amsa ta fari a fili ta ke. In wa'adi ya cika wuta ba ta mutu ba, wajibi ne a ƙara. Dalilin da ya sa aka buɗe wa mutum ƙofa tun farko shi ne ransa na cikin hatsari. Muddin dalilin na nan, alkawarin ma na nan, ko da ranar da aka rubuta a takarda ta wuce. Ƙasashen duniya sun yarda da wannan a Janiba a 1951, ƙasashen Afirka kuma suka ƙarfafa shi a Adis Ababa a 1969, cewa ba a mai da mutum inda za a kashe shi, komawa gida kuma sai da yardar mai komawa. Mun ga abin da ya kan biyo baya in an ƙetare wannan. A Janairu 2019 aka kai wa garin Rann na jihar Barno hari, dubban mutane suka tsere zuwa Kamaru, aka komo da su da sauri. Kafin watan ya ƙare aka sake faɗa wa garin, aka kashe mutane da yawa. Mu tuna kuma da Yusufu da Maryamu, da suka gudu da jaririn nan Yesu zuwa Masar. Abin da ya yanke zamansu a can shi ne mutuwar Hirudus, watau ƙarewar hatsarin.

Amma akwai magana ta biyu wadda ta fi wuya. Ƙari na shekara ɗaya ɗaya ya na ceton rai, duk da haka ba ya barin mutum ya zauna da gindinsa. Kowane manomi ya san halin gonar aro. Wanda aka ara wa gona na damina ɗaya ba ya dasa mangwaro, ba ya haƙa rijiya, ba ya ma zuba taki sosai, gama bai sani ba ko baɗi shi zai girbe amfaninsa. Haka ya ke ga baƙo mai izinin shekara ɗaya. Mai ba da aiki ya na jin nauyin koya masa sana'a mai daɗewa, mai gida ya na shakkar ba shi haya, shi kansa kuma zuciyarsa biyu a kan koyon harshen ƙasar. Shekara ɗaya ta jira ba kome ba ce. Shekara 5 ko 10 na jira kuwa rabin ƙuruciyar mutum ke nan, ba kuwa mai iya biyansa.

Lalle ne mu ji ta bakin mai masauki kuma, gama shi ma ya na da gaskiyarsa. Mutanen Difa ba mawadata ba ne, amma suka raba rijiya da itacen wuta da hatsi da baƙi, har yaƙin ya biyo baƙin ya iske su a gida a Fabrairu 2015. A Turai ma gidajen haya da ajin makaranta sun yi kaɗan a garuruwa da yawa. Ƙasar da aka gudo daga cikinta kuma ta na bukatar 'ya'yanta. In malamai da magina da ma'aikatan asibiti duka sun kafu a waje, wa zai gina Yukren, wa zai nome Damasak? Waɗannan dalilai na gaske ne. Amma abin da su ke nunawa shi ne a taimaki mai masauki, kada a bar masa kayan shi kaɗai. Ba su ba kowa ikon riƙe baƙo a tsakar hanya ba. Mutumin da aka bari ya yi aiki ya tara ɗan abin hannu, shi ne ma ya fi iya komawa ya tā da kangon gidansu. Wanda aka zaunar shekara 10 ya na jiran rabon hatsi, da me zai koma?

Saboda haka ga abin da mu ke gani ya dace. Na ɗaya, a ɗaure wa'adin baƙo da samuwar lafiya a ƙasarsa. Na biyu, in za a ƙara, a faɗa tun da wuri, kada a bar uwa ta kwana da zullumi har watan ƙarshe. Na uku, in shekaru sun yi yawa, a buɗe hanya ga wanda ya ke so ya zauna sosai, a kuma taimaki wanda ya ke so ya koma. Annabi Irmiya ya rubuta wa Yahudawan da aka kai bauta Babila, a lokacin da waɗansu ke ruɗinsu da cewa komawa ta yi kusa. Ya gargaɗe su su yi gini, su yi shuka, su yi aure, su nemi alherin birnin da su ke ciki. Bai hana su begen gida ba, ya hana su dai ɓata shekarunsu a bakin ƙofa. Mai masauki na kirki shi ne wanda ya bar baƙonsa ya bi wannan shawara.

Ina namu rabo a ciki? Mu ba gwamnati ba ne, ba mu buga hatimi a takarda. Waɗanda suka zo mana daga Yobe da Barno kuma 'yan ƙasa ne, ba su bukatar izinin kowa. Duk da haka akwai izinin da ba a rubutawa, a fuska a ke karanta shi. A watan fari mu kan kai tuwo da tabarma. A shekara ta uku sai a fara tambaya, "Wai yaushe za su koma?" Yaro ya na jin wannan, gwauruwa ma ta na ji. Bari kowace ekklesiya ta duba ko akwai wanda ya shekara 5 a cikinta har yanzu ana kiransa baƙo, ba a ba shi aiki a sujada ba, ba a ara masa gona ta fi damina ɗaya ba.

Mu tuna kuma baƙunci juyi ne. A 1969 aka kori baƙi daga Gana, har da Hausawan zango waɗanda aka haifa a can. A 1983 Nijeriya ta kori mutanen Gana da na sauran ƙasashe. Mai masaukin bana shi ne mai neman masauki baɗi. Mu yi addu'a domin mutanen Yukren da 'yan'uwanmu na Difa, Allah ya kawo ranar komawa cikin salama. Kafin ranar ta zo, ya ba mu zuciyar da ba ta ƙidaya wa baƙo kwana.