Jirgin da Ake Haɗawa a Gareji, da Hannun da Ke Haɗa Shi

Ya ku maƙera, masu walda, makanikai da masu gyaran jikin mota, daga Panteka ta Kaduna zuwa Ƙofar Ruwa ta Kano: akwai jirgin sama da ke zuwa a cikin akwatin katako, fallayen alminiyom a jere, ƙusoshi a leda, da littafin zane a samansu. Mutum ya buɗe a garejinsa, ya auna, ya huda, ya ɗaure, ranar da ya gama hukuma ta duba, ya shiga ya tashi. Sunansa CH 701, kuma tun 1986 yake shawagi. Ina so ku san labarinsa, domin kayan aikin da ake haɗa shi da su babu wanda baƙo ne a rumfunanku.

Wanda ya zana shi, Chris Heintz, injiniya ne haifaffen Faransa da ya yi karatu a Zurik ta ƙasar Suwizalan. Ya yi aiki a kan Concorde, jirgin nan da ya fi sauti gudu, ya kuma zama babban injiniyan kamfanin Robin mai ƙera ƙananan jirage. Amma da ya tashi ƙera nasa, sai ya dubi gaskiya: shi gwanin lissafi ne, hannunsa bai kai na maƙeri ba. Saboda haka ya zana jirgin da mai matsakaicin hannu zai iya haɗawa. Ya koma Kanada a 1973, shekara ɗaya bayan nan ya buɗe kamfanin Zenair a garejin gidansa, yana sayar wa mutane zane da sassa.

Wanda ya ga CH 701 ba zai ce kyakkyawa ba ne. Jikinsa kamar akwatin ƙarfen amare yake, gefe a miƙe, kusurwa a fili. Da gangan aka yi haka. Lanƙwasa ƙarfe ta fuska biyu na buƙatar manyan injuna, amma miƙaƙƙen falle kowa na iya yanka shi da almakashin ƙarfe. Ƙusoshin da ke riƙe jikin kuwa irin waɗanda ake ja da ɗan ƙarfen hannu ne daga gefe guda, ba sai an sa wani ya tare ta baya ba, don haka mutum ɗaya ya isa. Faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 8, nauyinsa ba kowa a ciki wajen kilo 260 ne, yana ɗaukar mutum biyu, kuma yawanci ana sa masa injin Rotax 912 mai ƙarfin doki 80.

Hikimar tana a fiffike. A gaban kowane fiffike akwai wani siririn falle da aka kafe, aka bar 'yar kafa tsakaninsu. Idan jirgin ya ɗaga hanci sosai, iska na kutsawa ta wannan kafa ta kwanta a bayan fiffiken maimakon ta watse, sai jirgin ya ci gaba da riƙe kansa ko da gudunsa ya sauko kusan kilomita 50 a awa. A bayan fiffiken kuma akwai wani dogon falle da ke rataye ƙasa kaɗan, yana aiki biyu: karkata jirgin dama ko hagu, da ƙara masa ɗaguwa wajen sauka. Shi ya sa ba ya neman titin kwalta. Fili mai ciyawa da bai kai tsawon filin ƙwallo ba ya ishe shi tashi. Kowane abu a jikinsa amsa ce ga tambayar mai ƙaramin ƙarfi: ina zan sami fili, da me zan haɗa, wa zai taya ni?

Kada wani ya ce wannan sai Turawa. A Kpong ta ƙasar Gana, wata budurwa mai suna Patricia Mawuli ta je ƙaramin filin jirgin garin neman aiki a 2007, aka ba ta adda ta yi saran daji. Ta yi. Daga nan ta shiga ɗakin haɗa jirage, ta koyi huda da ɗauri, a 2009 ta sami lasisin tuƙi, ta kuma ƙware a gyaran injin Rotax har ta riƙa koya wa 'yan mata haɗa irin wannan jirgi. A nan gida ma an yi. A shekarun 1990, a Kaduna, an haɗa jiragen koyon tuƙi guda 60 na Rundunar Sojan Saman Nijeriya, masu suna Air Beetle, daga sassan RV-6A na kamfanin Van's da ke Amurka. Wancan ya fi CH 701 nauyi da gudu, amma hanyar ɗaya ce: sassa a akwati, zane a takarda, hannu a kan aiki.

To me ya rage mana? Ba basira ba ce. Wanda zai dubi ƙofar motar da ta murƙushe ya maido ta da guduma har ba a gane wurin, ba a koya masa sanin ƙarfe. Abin da ya rage shi ne awo. Mai haɗa jirgi ba ya cewa "haka ma ya yi". Kowace huda tana da nisan da dole ta bari daga bakin falle. Bayan ya huda, sai ya kwance sassan, ya goge ƙaiƙayin bakin kowace huda, domin daga nan tsaga ke farawa idan girgiza ta yi yawa, sannan ya sake jerawa ya ɗaure. Huda dubbai, kowace haka. Yana rubuta abin da ya yi a littafi, kuma ƙusoshin da zane ya ce su zai sa, ba waɗanda ya tsinta a ƙasan teburi ba.

An sayi wannan ladabi da rayuka. A 1933 wani Bafaranshe, Henri Mignet, ya ƙera ɗan jirgi da katako da injin babur, a 1934 ya fitar da littafin yadda ake haɗa shi. Mutane ɗaruruwa a Faransa da Ingila suka duƙufa. Amma akwai aibi a yadda fukafukansa biyu ke haɗuwa: idan jirgin ya sunkuya da gudu, ba ya ɗagowa. Matuƙa suka mutu a 1935 da 1936, sai da aka gwada shi a ɗakin gwajin iska aka gano dalilin, Mignet ya gyara zanen. Ƙwazo kaɗai bai ceci kowa ba. Don haka duk lokacin da na ga samarinmu sun haɗa siffar jirgi da tarkacen mota, zuciyata na yin fari da himmarsu, tana kuma neman wanda zai miƙa musu zane na gaskiya da malamin da zai tsaya a kansu.

Ba cewa nake kowa ya tashi ya sayi akwatin jirgi ba, kuɗinsa ba na wasa ba ne, kuma sama tana da hukuma da dokokinta. Cewa nake aikin da ke gabanka yau, ƙofa ce ko tankin ruwa ko injin niƙa, ka yi shi da awon mai haɗa jirgi. Maigida, ka saya wa rumfarka ma'aunin da ke karanta milimita, ka koya wa yaranka karanta zane kamar yadda kake koya musu riƙe guduma. Kai kuma yaron shago, kada ka ji kunyar baƙin mai a rigarka, kada ka yarda a ce maka sana'ar hannu ta wanda boko ya ƙi ce. Ka tambayi dalilin kowane abu, ka auna sau biyu kafin ka yanka, ka riƙe littafin da kake rubuta aikinka. Ku ƙungiyoyin masu sana'a, ku nemi kwalejojin kimiyya da fasaha na kusa da ku su buɗe muku ajin yamma na zane da awo, ku tura yaranku maza da mata. Ku fara a wannan makon, Allah Ya sa albarka a hannuwanku.