Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Kayan Kirsimetin Yara da Aljihun Mai Ƙaramin Ƙarfi

Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Maganar ta samo asali ne tun zamanin da ake tafiya a ƙasa ko bisa jaki, lokacin da fatake ke kama hanyar Gwanja fataucin goro su yi wata da watanni ba su ga gida ba, ruwan da mutum ya rataya a kafaɗa shi ne tsakaninsa da halaka. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake gyaran gora ya san dalilin maganar. Sai duma ya ƙosa an cire shi, an bar shi ya bushe. Sannan a yanke bakinsa, a ƙwaƙule 'ya'yan da tarkacen cikin, a ɗura ruwa a bar shi ya jiƙa, a zubar, a sake ɗurawa, har ɗacin ya fita. Bayan nan ne za a nema masa marfi da igiyar ratayawa. Duk cikin aikin nan babu mai cin kuɗi, lokaci kawai yake ci. Wanda ya bari sai ayari ya ɗaure kaya sannan ya ɗauko wuƙa, ɗayan biyu ne: ko ayari ya tafi ya bar shi, ko ya bi su da ruwa mai ɗaci.

Abin da magabata ke nuna mana shi ne, akwai abubuwan da gaggawa ba ta iya samar da su, kuma wanda ba shi da kuɗi yana da wani jari da ba a raba shi da shi ba, wato lokaci. Mai hali zai iya shiga kasuwa a jajibirin biki ya sayi abin da ya ga dama ko da an ninka farashi. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa idan ya bar watanni suka wuce shi, ya zubar da jarinsa ke nan. Babu inda na fi ganin gaskiyar wannan magana kamar a gidajen da ake jiran Kirsimeti da yara ƙanana.

Daga Jos zuwa Kafanchan, daga Zonkwa zuwa Wusasa, a Tafawa Ɓalewa da Billiri da Numan da Zuru da Sabon Garin Kano, dubban iyalai ne ke yin sujada da harshen Hausa a majami'un ECWA, COCIN, EYN, HEKAN, Katolika da Angilikan. A waɗannan gidaje kyautar Kirsimeti ga yaro ba wani abu ba ne mai nisa. Sabon ɗinki ne da takalmi, sai shinkafa da miya da ɗan nama, da cincin, da lemon kwalba. Idan aka ƙara masa tabarau na roba ko agogon wasa, to ranar ba mai kama shi. Da an taso daga coci sai yara su haɗu su shiga yawon barka da Kirsimeti gida-gida, ana ba su 'yan canji da alewa. Babba zai iya cewa ai tufafi ne kawai. Amma yaron da ya ga sa'o'insa sun fito fes shi kuma yana cikin rigar bara, ya laɓe a bayan ƙofa ya ce cikinsa ke ciwo don kada a tura shi coci, shi ya san abin da ke ransa. Wannan raunin yakan daɗe bai warke ba, kuma sau da yawa ba talauci ne ya jawo shi ba, jinkiri ne.

Na ce jinkiri domin Kirsimeti ba ta zuwa ba zato. Sallah takan ja baya da kwana goma ko goma sha ɗaya kowace shekara, kuma sai an jira ganin wata. Kirsimeti kuwa 25 ga Disamba ce bana, ita ce baɗi, ita ce baɗin baɗaɗa. Tun ranar da aka sauke tukunyar ta bana an san ranar mai zuwa. Duk da haka a leƙa shagon tela ranar 23 ga wata a gani. Yadi jibge har saman tebur, zare da ƙyallaye sun cika ƙasa, an ɗauke wuta, ƙaramin janareta na kuka a bakin ƙofa. Tela idonsa ya yi ja don rashin barci, ga mata zaune bisa benci kowace da yaro a gefe. Wata ta ce, "Oga, tun shekaranjiya kake ce mini in dawo." Shi kuma ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ki ga na mutanen da suka kawo tun watan jiya ma ban gama ba. Ki dawo da dare." Da daren za a ba ta riga ba maɓalli, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma ta biya kuɗin gaggawa a kai. Wadda ta kawo nata yadin a watan Oktoba ta biya ƙasa da haka, an yi mata a natse, an gwada wa yaron, an gyara inda ya matse.

Haka abin yake a kasuwa. Kowa ya fito neman abu ɗaya a mako ɗaya, dole farashi ya tashi: kaza, tumatir, man gyaɗa, takalman yara, har kuɗin mota, domin kowa na son ya je gida. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin dakon kaya ya hau kan komai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. A shekarar ce aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma kafin ƙarshenta buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura wannan kuɗin a kasuwanni da yawa. Ma'aikacin da ke jiran albashin Disamba ya ɗinka wa yara huɗu kaya, ya sayi abinci, ya biya kuɗin motar zuwa ƙauye, yana neman abin da albashin ba zai iya ba. Ƙarshenta sai bashi. Bashin nan kuwa a Janairu yake nuna kansa, daidai lokacin da za a koma makaranta zango na biyu, a nemi kuɗin makaranta da na littattafai, mai gida kuma ya aiko a kan haya. Yaron da aka ci bashi don a faranta masa rai kwana ɗaya, shi ne za a koro daga aji. Ɗacin da ba a jiƙa ya fita ba ke nan.

To yaya ake yi? Farko dai a zauna, miji da mata, tun shekara tana ɗanya, a ƙirga yaran, a rubuta abin da kowanne ke bukata da gaske, a yanke iyakar abin da za a kashe. Daidai ruwa daidai tsaki. Sannan a fara tari. Wadda ke jefa naira 500 a asusu kowane mako, cikin mako 40 ta tara 20,000. Mai sana'ar hannu da ke ware 200 kullum, a kwana 300 yana da 60,000. Matan da ke zubin adashi, a unguwa ko cikin Zumuntar Mata, suna iya roƙon uwar adashi tun farko ta sa ɗaukarsu ta faɗo a Satumba ko Oktoba, maimakon Disamba da kowa ke rububinsa. Mai ƙwarmin ido da wuri yake fara kuka.

Sai dai a irin wannan zamani kuɗin da aka bari a asusu narkewa yake yi, abin da ya saya a Maris ba zai saya a Disamba ba. Saboda haka dabarar ita ce, da ɗan kuɗi ya taru a mayar da shi kaya. Yadi ba ya lalacewa a akwati. A saye shi a lokacin da kasuwa ke kwance. Maƙwabta uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su aiki mai zuwa Kantin Kwari a Kano ya sayo musu a farashin sari su raba. Ɗinkin a bari sai Oktoba ko farkon Nuwamba, domin yaro girma yake yi, kuma a ce wa tela ya bar ɗan rara a kalmasa. Takalmi ma haka. Iyayenmu mata sun san yadda ake yi: a tsayar da yaro, a ɗauko tsinken tsintsiya a auna tafin ƙafarsa daga dunduniya zuwa babban yatsa, a karya, a ƙara ɗan tsawon yatsa ɗaya, a ƙulle a bakin zane. Duk ranar da aka shiga kasuwa aka ci karo da mai kyau da sauƙi, sai a zura tsinken a ciki a gwada. Wanda ke da watanni a gabansa zai iya taya kaya ya tafi ya dawo. Wanda ya zo a jajibiri, mai kaya na ganin fuskarsa ya san ba shi da zaɓi.

Kada kuma a raina gwanjo. A layukan 'yan gwanjo na Jos ko Kasuwar Barci a Kaduna, wanda ya je ranar da aka kwance sabuwar dila zai zaɓi rigar sanyi mai kauri wadda ta fi sabuwa mai araha ƙarko. A sanyin hunturu irin na Filato, wannan rigar kyauta ce da yaro zai mora har Fabrairu, ƙaninsa ma ya gada. Uwa mai iya saƙa tana iya yin hula da safa da ulu kaɗan-kaɗan da yamma. Atamfar da ta daina ɗaurawa amma ba ta koɗe ba, za ta fitar da rigar ƙaramar yarinya. Duk waɗannan hanyoyi a buɗe suke ga wanda ya fara da wuri, a rufe suke ga wanda ya makara.

Manomi shi ma yana da tasa hanyar. Da kaka hatsi ya fi sauƙi, to lokacin ne za a ware mudun shinkafar biki a ajiye, a kuma ware ɗan abin da za a sayar musamman don kayan yara, ko masara ce, ko dankalin Turawa a Bokkos da Mangu, ko citta a Kachia da Kwoi. Kajin gidan gona sukan isa yanka cikin mako shida zuwa takwas, don haka 'yan tsakin da aka saya a ƙarshen Oktoba za su kai. Kajin gida kuwa suna bukatar wata biyar ko shida, sai a fara tun damina. A yi musu rigakafi, domin hunturu na zuwa da cutar da ke share kaji. A bar yaran su riƙa ba su tsaba da ruwa. Yaron da ya yi kiwon kazar da za a ci, ko ya jefa nasa canjin a asusu, ya koyi abin da ba a koyarwa a aji.

Wani zai ce, wanda bai san abin da zai ci yau ba, ina shi ina tanadin Disamba? Maganar tana da nauyi, kuma akwai gidajen da ko naira 200 ɗin ba ta raguwa. Amma ko a nan fara tunani da wuri yana da amfani. Yana ba iyaye damar zaɓar abu guda da za su iya, ko da silifa ne, ko wanke tsohuwar riga a gyara ta a goge. Yana ba su damar gaya wa yaro gaskiya tun da sauran lokaci: "Bana takalmi za a saya maka, ɗinki sai baɗi in Allah ya kai mu." Yaro yakan haɗiye gaskiyar da aka gaya masa da wuri cikin lallashi. Abin da ke karya masa zuciya shi ne alkawarin da aka yi ta maimaitawa har safiyar biki sannan ya ga wayam.

Wani kuma zai ce gobe ta Allah ce. Haka ne, amma tanadi ba rashin dogara ga Allah ba ne. Kirista da Musulmi duk sun san labarin Yusufu a Masar, wanda ya sa aka tara hatsi a shekaru bakwai na yalwa domin shekaru bakwai na yunwa. Ba a ƙirga masa wannan a matsayin ƙarancin bangaskiya ba, hikima ce aka ba shi, kuma da ita aka ceci jama'a.

Abin da ke lalata shiri ko da an fara da wuri shi ne gasa. An ga 'ya'yan maƙwabci da leshi, sai a ce namu ma dole. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Ya kamata a tuna cewa wanda ake bikin haihuwarsa a komin dabbobi aka kwantar da shi, iyayensa ba masu hali ba ne. Bikin da tushensa ke nan bai kamata ya zama ranar da talaka zai ji kunyar talaucinsa ba. A daidaita tsakanin yara, kada a yi wa ɗan ɗaki ɗinki a manta ɗan riƙo. Haka nan kuɗin da za a ƙone a wasan wuta cikin minti ɗaya, wanda kan ji wa yara ciwo a hannu da ido, gara a sa shi a littafin rubutu da fensir.

Babbar ribar shiri da wuri ita ce, yana barin rara ga wani. Wanda ya shiga Disamba a guje kansa kawai yake gani. Wanda ya gama nasa tun Nuwamba yana da sararin tuna marayan da ke maƙwabtaka, da yaran da rikici ya raba da gidajensu a Mangu da Bokkos da kudancin Borno, da kwanon shinkafa da cincin da ake aika wa maƙwabta Musulmi, kamar yadda su ma ke aikowa ranar Sallah. Yadi ɗaya da aka ƙara a sayayyar Agusta ba zai girgiza gida ba, amma zai sa wani yaro ya fito cikin sa'o'insa da kai a sama.

Don haka iyaye, kada a jira kiɗan Disamba ya fara tashi a kasuwa. Duk watan da wannan magana ta riske ku, a cikinsa za ku fara: a zauna a ƙirga yara, a yanke abin da za a iya, a jefa na farko a asusu. Yaranmu sun cancanci farin cikin ranar, sun kuma cancanci su koma makaranta a Janairu ba tare da an koro su ba, kuma iyayen da suka fara da wuri ne kaɗai ke iya ba su duka biyun.