Kamfani Zai Iya Zama Dangi?

A farkon shekarar 2020, Airbnb, kamfanin nan na birnin San Francisco a Amurka da ke haɗa matafiya da masu ba da hayar ɗakuna ta intanet, yana da ma'aikata kusan 7,500, kuma a ofisoshinsa ana kiran juna dangi. Sai annobar korona ta sauka, ƙasashe suka rufe iyakokinsu, jirage suka daina tashi. Cikin makonni takwas cinikin kamfanin ya faɗi da kusan kashi 80 cikin ɗari. Ranar 5 ga Mayu, shugabansa Brian Chesky ya sanar da sallamar mutum kusan 1,900, wato ɗaya cikin kowane huɗu.

Ba a yi sallamar da wulaƙanci ba. Waɗanda ke Amurka sun samu albashin makonni 14, da ƙarin mako guda kan kowace shekarar da suka yi suna aiki, da inshorar lafiya ta shekara ɗaya. An bar musu kwamfutocinsu na aiki, an kuma buɗe shafin da ke tallata su ga masu neman ma'aikata. Duk da haka tambaya ta rage: wanda za ka iya sallama ranar da ciniki ya tsaya, ya dace ka kira shi ɗan'uwa?

Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ma'anar dangi ke nan, ba a korar mutum daga gida don rumbu ya yi ƙasa. Kamfani kuwa ba zai iya ɗaukar wannan alkawari ba. Idan kuɗi sun daina shigowa, riƙe kowa na iya kai wa ga rushewar da za ta bar kowa ba aiki. Saboda haka ban ga laifi a rage ma'aikata a irin wannan hali ba.

Inda nake da ja shi ne lokacin bunƙasa. Kamfanin da ke girma cikin sauri yana buƙatar daren ma'aikaci da ranakun hutunsa, kuma kalmar dangi tana samo masa su cikin arha. Mutum zai ba da irin abin da ake ba 'yan'uwa, alhali abin da ke jiransa ranar wuya shi ne wanda takardar ɗaukar aiki ta tanada. Wannan ciniki ne da ba a faɗi farashinsa ba.

Za a iya cewa zumuncin da ke tsakanin abokan aiki na gaske ne. Haka ne, amma nasu ne su mutanen, kuma yakan ɗore bayan aikin ya ƙare. Kamfani bai mallake shi ba balle ya yi alkawari da shi.

A watan Disamba na wannan shekara, wata bakwai bayan sallamar, Airbnb ya shiga kasuwar hannun jari, darajarsa ta kai kimanin dala biliyan 100 a ranar farko. Kamfanin ya tsira, kuma waɗanda aka sallama suna cikin waɗanda suka biya kuɗin tsirar. Haƙƙinsu na farko a kansa shi ne gaskiya tun ranar ɗauka: wannan aiki ne, yana da lada, yana da iyaka. Wanda ya san haka zai yi aikinsa da amana, ya kuma bar wa iyalinsa nasu lokacin.